Gwangwanin da Baba Ya Ajiye wa Bakano

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin na gama karatuna a Landan, na bar ɗakin ɗalibai, na kama ɗaki a Lewisham, a gidan wata Hajiya 'yar zangon Kumasi. A kicin ɗin wani asibiti take aiki, ta fita da duku-duku, ta dawo da la'asar ƙafafunta a kumbure. Ni kuwa kimiyyar adana abinci na karanta, kuma na samu ɗan aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin abincin gwangwani a wajen Dagenham. Aikina bai wuce in tsamo gwangwani daga cikin waɗanda aka cika, in ajiye shi a wuri mai ɗumi, in ga ko zai kumbura ba. In ya kumbura, sai a tsayar da duk waɗanda aka cika tare da shi. Na fara da wannan ne domin a san cewa kusan kowane ɓangare na abin da ya faru ina da bayaninsa. Haɗa su wuri guda ne har yau ban iya ba sosai.

A gidan akwai mahaifin Hajiya, tsohon soja ne da ya yi yaƙin Bama. Ta kawo shi aikin ido a Marylebone, aka yi ido ɗaya, aka ce a jira a yi ɗayan, jiran ya zama shekaru. Dogo ne, duk ƙashi, kullum da hular ulu har kunne. Ranar da na kawo kayana na durƙusa na gaishe shi, sai ya karkato da idonsa mai gani ya ce, "Kai mutumin ina?"

Na ce, "Kano, Baba."

"Kano cikin birni, ko Kano na baki? Nan kowa ya ce Kano. Wane unguwa?"

Na faɗa masa unguwarmu, na ce kusa da majema muke, inda ake jeme fata. Can sai ya ce, "Wari yana nan?"

Na ce yana nan, ko da yake mu 'yan unguwar ba ma ji sai mun yi tafiya mun dawo. Ya yi dariya har da tari, ya ce wa Hajiya ta ba ni ɗakin da ke kusa da nasa.

Ɗakin Baba cike yake da gwangwanaye. Ba na zamaninmu ba, na guzurin soja ne na lokacin yaƙi: na biskit masu murabba'i, na garin shayi da aka haɗa da madara da sukari, ƙanana na alewa, na taba, da wasu faffaɗa masu launin tagulla da rubutu a bugge a jikin murfin. Akwai kwalaye ma da aka shafa wa kakin zuma don kada ruwa ya ci su, sun yi laushi kamar tsohuwar fata. Duk ranar Asabar yakan sa in raka shi kasuwar tsofaffin kaya, wajen wani Bature mai sayar da hulunan ƙarfe da lambobin yabo. Baba ba ya kallon lambobin. Kwandon da ke ƙarƙashin teburin yake ja, ya dinga laluben gwangwanayen da yatsu, ya buɗe murfi ya sa hanci ya daɗe. Wani lokaci ya ce, "Wannan bai je ko'ina ba, a sito ya yi yaƙinsa," ya mayar. Wani kuma ya riƙe shi a ƙirji har gida. Ban taɓa gane yadda yake bambancewa ba, kuma ina zargin wani lokacin ra'ayi ne kawai.

Duk gwangwanayen babu komai a ciki, sai guda ɗaya. Yana can saman kabad ɗin kaya, shi kaɗai, na nama ne, irin mai faɗin gindi da ɗan mabuɗi a manne a jiki. Ba a taɓa buɗe shi ba. An rufe shi da farin hankici, daidai yadda ake rufe tuwon wanda bai dawo daga kasuwa ba.

Na daɗe ban tambaya ba. Shi ya faɗa mini da kansa, wata ranar Lahadi da hantsi, muna goge tsatsa da tsumma da ɗan mai. Ya ce a rukuninsu shi ne mai rabon abinci. Jirgi ya jefo kaya daga sama, shi ya kasa, kowa ya ɗauki nasa. Wanda ba ya nan, a ajiye masa. Dokarsu ce su ya su, ba ta Turawa ba: ba a taɓa rabon mutum sai an ga gawarsa ko an ji daga bakin wanda ya gani. In an tabbatar, sai a buɗe, a yi Fatiha, ɗan garinsu ya fara sa cokali, sauran su biyo. In babu ɗan garinsu, mai ajiya ya ci.

Na ce, "Baba, naman kuwa kun san wanda ya yanka?"

Ya ce, "A daji? Malam, jirgi ya yanka."

Akwai wani Bakano a cikinsu, abokinsa, ɗan unguwar majema, wanda kullum in an buɗe gwangwani wasu suna toshe hanci, shi sai ya ce wannan ai turare ne, su je unguwarsu su ji. Wata rana ya gangara rafi ɗebo ruwa da tsakar rana, ana ganin bayansa har ya shiga cikin kurmin itacen gora. Bai dawo ba. Ba a ji harbi ba, ba a ga jini ba, ba a ga goran ruwan da ya tafi da shi ba. Baba ya ɗauki gwangwaninsa a jaka har aka gama yaƙi, har cikin jirgin ruwa. Ranar sallama aka karɓe duk wani kayan gwamnati, har da gwangwanin. Shekaru masu yawa bayan haka, a farkon zuwansa Landan, sai ya ga irinsa sak a kwandon Baturen nan, a rufe. Shi ne mafarin tara sauran.

Ya ce, "Sauran 'yan rakiya ne. Kada ya zauna shi kaɗai."

A lokacin sanyin shekara ta biyu da zamana a gidan, ma'aikatan council, wato ƙaramar hukuma, suka zo suka sa sabon heating na ɗumama ɗakuna. Bututun ruwan zafin ya bi ta bayan kabad ɗin Baba. Na lura da haka tun ranar, na yi niyyar in ce a sauko da gwangwanin, sai na ga kamar shisshigi ne, na bari. Bayan 'yan makonni, wata rana mun idar da sallar azahar muna zaune a ɗakinsa, sai muka ji wani sauti daga sama, ƙwal, sau ɗaya, kamar an ɗana ƙarfe da farce. Na san sautin nan, ina jin sa a wurin aiki. Amma a can a cikin akwatin gwaji nake jin sa, ba a ɗakin da tsoho ke riƙe da carbi ba.

Baba bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Sauko da shi."

Na hau kujera na yaye hankicin. Murfin ya taso kamar kumatun mai busa. Na danna da babban yatsa, bai koma ba.

Baba ya karɓa ya shafa, ya daɗe yana shafawa. Sannan ya ce, "To. Ya aiko. Shekara da shekaru babu labari, yau an samu." Ya yi salati a hankali, ya ce, "Jumma'a, in mun sauko daga masallaci, za a buɗe. Kai za ka fara."

Na ce, "Ni, Baba?"

"Akwai wani ɗan majema a Lewisham?"

Ya kamata a ce a nan na yi magana a fili. Abin da na sani shi ne, gwangwani yana kumbura saboda ɗaya daga cikin abu biyu. Ko dai tsatsa ta ci cikinsa ta haifar da iska, ko kuma wata ƙwayar cuta ce ta farka, irin wadda gubarta ba ta bukatar fiye da ɗanɗano kafin ta tsayar wa mutum numfashi. Daga waje ba a iya sanin wanne ne. Amma ni tun ina yaro ban iya ce wa babba a'a ba, kuma karatu ya ƙara mini wata ɗabi'a, ta rashin yanke magana. Sai na fara: mai yiwuwa zafin bututu ne, a wasu lokuta akan samu haɗari, ba lallai ne a ce wannan yana da shi ba, amma kuma ba za a ce babu ba.

Baba ya bari na gama, ya ce, "Malam Mai-yiwuwa, to yana kashewa ko ba ya kashewa?"

Na ce, "Yana iya kashewa."

"Mota ma yana iya kashewa, kullum kana shiga. Mun ci wanda ya fi wannan kumburi a Bama, ga ni."

Da Hajiya ta dawo na tare ta a kicin na faɗa mata. Ta ajiye jaka ta dafa kai. Ta ce ita ta sani, a wurin aikinsu ko lotsewa gwangwani ya yi bin ɗin shara ake jefa shi. Na ce to ko za ta ɗauke in ya yi barci? Ta ce, "Ƙanena, sau ɗaya na yi clearing ɗakin nan, na zubar da wani empty guda ɗaya, tsohon nan ya daina cin abinci sai da na kira doctor. Wannan kuwa? Sai dai in kai shi mortuary da hannuna." Ta ce ko mu sayo sabo a kantunan high street mu goga masa ƙasa mu musanya? Na ce mutumin da ke gane gwangwani da yatsa ba za a yi masa haka ba. Ta ce, "To kai ne ka yi karatun. Ni in na yi magana ya ce mace ba ya san soja."

Kwanakin da suka rage kafin Jumma'a ban yi aikin kirki ba. Na yi tunanin in kai gwangwanin ɗakin gwaji, amma gwaji sai an huda, kuma Baba ya ce ba mai huda rabon mutum da allura. Duk lokacin da na wuce ƙofarsa sai in ga gwangwanin a kan tebur, a rufe da hankici, hankicin ya yi tozo a tsakiya. Sau biyu ko uku na sake jin ƙwal ɗin nan ta bango, bayan na dawo daga aiki. Ƙarfe ne yake motsi saboda ɗumi da sanyi, na sani. Amma na kama kaina ina rage murya in zan wuce.

Sai na yi wata dabara da na ɗauka mafita ce. Na same shi ranar Laraba na ce, "Baba, na yi tunani. Unguwarmu babba ce, gidaje da yawa, baƙi ma suna zuwa su zauna. Ba ni da tabbacin muna da wata dangantaka da mutumin nan. Kada in ci abin da ba haƙƙina ba."

Na zaci zai ce to a dakata har a samu ɗan'uwa na gaskiya. Ya dube ni da idon nan guda, babu fushi. Ya ce, "Gaskiya ne. Ba a tilasta wa mutum zumunci. Tunda babu ɗan gari, mai ajiya zai ci." Ya buɗe aljihun tebur, inda ya riga ya tanadi cokali biyu, ya ɗauke ɗaya ya miƙo mini. "Mayar kicin."

Na fita da cokalin a hannu. Na cire kaina, na bar tsoho shi kaɗai da gwangwanin.

Ranar Jumma'a na nemi rabin yini a wurin aiki, na ce zan je asibiti, wanda a ganina a lokacin ba lallai ya zama ƙarya ba. Muka dawo daga masallaci a bas, bai yi mini magana ba sai a kan sanyi. Hajiya tana wurin aiki. Ya shiga ɗaki ya shimfiɗa jarida a kan tebur, ya ajiye faranti da cokali guda, ya yaye hankicin ya ninke. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo ya ɓamɓare mabuɗin daga jikin gwangwanin, yana laluben ɗan harshen ƙarfen da ake saƙala shi.

Na ce, "Baba, ku ajiye. Ɗan'uwana ne."

Bai ajiye ba. Ya ce, "Mai yiwuwa?"

"Babu mai yiwuwa. Ɗan unguwarmu ne, ɗan'uwana ne. Ni ne nasa a garin nan."

Ya zare mabuɗin a hankali. Na matso na ce, "To yanzu rabon nan na wane ne? Naku ko nawa?"

"Naka."

"Duk abin da na ce a yi da shi, haka za a yi?"

Ya ce, "Mai ajiya ba shi da magana in mai kaya ya zo."

Na ce, "To ba za a ci ba. Ni ba zan ci ba, ku ma ban ba ku ba. Mutumin nan da yunwa ya gangara rafi. A ƙasa yake, a ƙasa zan ba shi abinsa."

Ban san daga inda maganar ta fito ba, ban shirya ta ba. Baba ya daɗe yana juya mabuɗin a tsakanin yatsunsa. Sannan ya turo mini gwangwanin ta kan jaridar da hannu biyu, ya ce, "Amma a buɗe masa. Ba a ajiye wa mutum kwano a rufe a juya baya."

Na so in yi musu, na ga in na ƙara ja komai zai warware. A bayan gidan akwai ɗan fili mai ciyawa, bayansa shinge, bayan shingen layin jirgin ƙasa. Na haƙa rami a can ƙarshe, ƙasar yumɓu ce mai sanyi, na zurfafa har ya kusa cinye hannuna. Na sa safar roba, na ɗaure hanci da baki da mayafi, na roƙi Baba ya tsaya can bakin ƙofar kicin. Na durƙusa na saukar da gwangwanin cikin ramin, na kawar da fuska, na murɗa mabuɗin.

Na yi tsammanin zai fashe ya yi feshi. Bai yi ba. Iska ce ta fito a hankali, doguwa, kamar ajiyar zuciyar wanda aka sauke wa kaya. Sai warin ya ratso mayafin. Na san warin ruɓaɓɓen nama, sana'ata ce. Wannan warin majema ne, na fatar da aka jiƙa a rami, na lungunmu da damina, har na ji kamar in na waiwaya zan ga ƙofar gidanmu. Akwai bayani: nama da fata in sun ruɓe kusan iska iri ɗaya suke fitarwa. Ina faɗa wa kaina haka sai na ji muryar Baba daga bakin ƙofa, shi da bai taɓa taka Kano ba, yana cewa, "Haka mutumina ya ce yake."

Muka yi Fatiha, shi daga can, ni daga nan. Na mayar da ƙasa na tattake, na jawo wani falalen siminti da ke jingine da shinge na ɗora a kai, sai da na yi nishi kafin ya kwanta. Mabuɗin da ƙarfen da ya naɗe a jikinsa, ina ganin a ramin na jefa su. Na sha sake duba abin a raina, kuma yawanci haka nake gani.

Washegari da safe na leƙa ta tagar kicin ina jiran ruwan shayi ya tafasa. Falalen simintin yana gefe guda, a kwance. Ramin a buɗe. Gwangwanin yana zaune a kan falalen, a tsaye, cikinsa fes kamar an suɗe, mabuɗin a ciki.

Akwai dila irin na Turai da yawa a gefen layin jirgin, kowa a unguwar ya san su, suna yage ledar shara. Dila na iya haƙa ta gefe, ƙasar ta zaftare, falalen ya zame. Mai yiwuwa haka aka yi. Na shafe kwanaki ina bin shingen ina neman gawar dila ko ta kyanwar maƙwabta, ban ga komai ba. Wannan ma yana da bayani: wataƙila tsatsa ce kawai ta kumbura shi tun farko, babu guba, da Baba ya ci ma ba abin da zai same shi. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Baba bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya tsaya a taga ya duba, ya ce wa Hajiya ta dafa masa shinkafa da wake da yawa, ya ci har ya nemi ƙari. Ni na tafasa gwangwanin a tsohuwar tukunya na daɗe, sannan na zubar da tukunyar. Ya karɓa ya goge shi da mai, ya jera shi a cikin sauran. Daga ranar bai sake cewa in raka shi kasuwa ba, kuma ya daina kirana Malam Mai-yiwuwa. Ɗan'uwan mutumina yake cewa.

A farkon shekarun casa'in aka yi masa ɗayan idon, ya ce zai koma Kumasi ya ga gida da ido biyu. Hajiya ta kwashe gwangwanayen a kwali ta mayar wa Baturen kasuwa, da izininsa. Guda ɗaya ya ware ya kawo mini ɗaki, ya ce gado ne, ba a barin shi a hannun bare. Da na je Kano bayan haka na tambayi wata gwaggona ko akwai wanda ya tafi Bama daga lungunmu bai dawo ba. Ta ce ai da yawa, ta fara lissafo gidaje, ta ruɗe, ta ce in bar tone-tone.

Gwangwanin yana nan a kan kanta a ɗakin karatuna, da mabuɗinsa a ciki. Shekarun baya maiɗakina tana share-share ta ga yana tara ƙura, ta samo ɗan farin ƙyalle ta rufe shi. Da na shigo na gani sai na tsaya cik a bakin ƙofa. Na je na yaye ƙyallen, na ninke, na ce mata ta bar shi a buɗe, an riga an ba mai shi.